Fuskar Umma a Faifan Ƙarshe

Shafi na 14

Masu biyo ni har akwatin saƙo da "wai ina Auta ta kwana", ku sassauta mini, hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma da kika rantse za ki daina karatu in Baba bai ga faifan nan ba, gyara zama, na san ba inda za ki.

*

Kwamfutar ta sake tsayawa.

Daidai wurin ɗazu. Koren layin nan ya yi ta rarrafe har ya kusa ƙarshe, sai ya ƙame ƙam, wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo yana ba da haƙuri.

Auta ta daki teburin cin abinci har cokalin da ke cikin kofi ya yi ƙara.

"Riƙe haƙurinki! Aiki na sa ki, ba jaje ba."

Daga falo muryar Baba ta taso a hankali, irin ta mutumin da ba ya son a ce ya matsa.

"Auta, an kusa?"

"Saura ƙiris, Baba."

Tun safe take faɗin ƙiris ɗin nan. Shi kuwa tun safen ya shirya, ya sa takalmi, jakar asibitinsa na jingine a bakin ƙofa. Yau da yamma za a yi masa aiki a idon dama, wanda ya rage masa. Na hagu ya tafi tun a aikin farko. Likita bai ɓoye musu ba: ana iya dacewa, ana kuma iya fitowa cikin duhu.

Abu ɗaya ya roƙa kafin a tafi, ya ga fuskar marigayiya Umma a babbar talabijin ɗinsa. A waya ba ya ganin komai sai haske. Filash kuwa talabijin ɗin ba ta san da zamansa ba. Kuma shi faifai yake so, wanda zai riƙe a hannu, ya lalubi injin ya saka da kansa.

"In idon ya tafi, ai kunnen yana nan," haka ya ce mata.

Ga gawar faifai uku a gefen kwamfutar, kowanne da irin cutar da ta kashe shi. Na farko ta zuba bidiyon ne kawai a ciki kamar mai zuba kaya a buhu, kwamfuta ta karanta, injin Baba ya ce shi bai ga faifai ba. Na biyu ta buga shi da gudu don ta huta, ya yi rabin hanya ya daskare. Na uku ya yi, ya buɗe, har ta yi tsalle. Sai Baba ya matso da kujera, ya daɗe yana kallon tsofaffin hotunan kaset da ta haɗa, ya ce, "Wannan inuwar ita ce uwarku?"

Ranar Auta kuka ta yi a banɗaki.

Jiya ne Allah ya taimake ta, ta tsinci katin tsohuwar kyamarar Yaya Dogo a cikin durowa. Bidiyo ɗaya ne a ciki, amma wane irin bidiyo! Umma ce zaune a wannan teburin, fuskarta ta cika allo, tar da ita, har furfurar girarta ana ƙirgawa. Auta ta liƙa shi a ƙarshen fim ɗin, ta kwana da murna.

Yanzu faifan bulu-re, irin wanda injin Baba ke karɓa, ɗaya ya rage mata, kuma duk shagunan layinsu ba mai irinsa. Shi ya sa ta ƙi taɓa shi. Ta ce sai kwamfuta ta fara haɗa fim ɗin a cikinta ta ga ya tafi lafiya. To ga shi nan ya ƙi.

Yaya Dogo ya leƙo, mukullin mota na juyawa a yatsarsa. Tun da ya zo bai zauna ba, daga falo zuwa baranda, daga baranda zuwa kicin, sai ka ce wanda aka ɗaura wa waya.

"Ke, ki ba shi na ukun nan mana mu tafi. Hanya akwai cunkoso."

"Na ukun da ya ce inuwa ce?"

"To ya za a yi? Abu ya ƙi."

"Bai ƙi ba, akwai dalili. Kullum wuri ɗaya yake tsayawa."

Ta ja linzamin kwamfutar zuwa ƙarshen fim ɗin, tana bin gutsattsarin bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Ga Umma tana shanya. Ga Umma tana koya wa Dogo tuƙin keke yana ihu. Ga ranar da aka kawo firji.

Sai ta kai na ƙarshe.

Ja. Jawur, babu hoto, sai rubutu a tsakiya cewa ba a sami fayil ba.

Ta buɗe jakar da ta ajiye bidiyoyin a kwamfuta, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta duba kwandon shara. Babu. Ta tashi da sauri ta janyo durowa. Katin kyamarar ma babu.

Ta juyo a hankali.

Mukullin da ke yatsar Dogo ya daina juyawa.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Jiya da na fita sayen maganin Baba, wa ya zauna a kujerar nan?"

"Ni zan san miki? Gidan ba mutane?"

"Mutane biyu ne a gidan. Ɗaya ko ƙofar firji sai ya laluba."

Ya juya zai fita. Ta riga shi isa ƙofar, ta tura ta, ta jingina bayanta a jiki. Auta dai kun san ta, tsawonta bai kai kafaɗarsa ba, amma in ta kafe ko motar ɗaukar kaya sai ta kauce.

"Matsa mini."

"Ina bidiyon Umma?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Tun safe nake zagin kwamfuta, na zagi faifai, na zagi wanda ya ƙera injin, ashe ɓarawon yana tsaye a kaina yana kaɗa mukulli."

"Ni kike kira ɓarawo?"

"To ba ni wani sunan in kira ka da shi."

Ya shafa kansa da hannu biyu, ya sauke numfashi. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ban goge ba. Cire shi kawai na yi na mayar a filash. Na ɗauka in na cire, fim ɗin zai tsallake wurin ya ƙare a na firji. Ban san zai tsaya ba, wallahi."

Auta ta yi wata dariya mara daɗi.

"Zai tsallake? Yaya, fim ɗin da nake haɗawa ba ya ɗauke da bidiyo a cikinsa, adireshi kawai yake riƙewa. In ya je ɗauko abu bai same shi ba, nan zai zauna. Ka zare bulo a tsakiyar gini kana jira ginin ya matsa da kansa?"

"Na ce ban sani ba."

"Na ji ba ka sani ba. Me ya sa ka cire?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shi kaɗai ne wanda Baba zai iya gani. Shi kaɗai! Ka san haka, a gabanka ya ce sauran inuwa ne. Me Umma ta yi maka?"

Ya ɗago da sauri, idonsa ya kaɗa.

"Kar ki ƙara faɗin haka."

"To gaya mini."

"Kin kalle shi har ƙarshe?"

"Na kalla."

"Da murya?"

Gaskiya Auta ba ta kunna murya ba. Tun da ta fara aikin nan a kashe take yinsa, don in ta ji Umma ta yi magana ba ta iya ci gaba da aikin. Fuskar kawai ta gani, ta ji daɗi, ta liƙa.

Dogo ya zaro filash daga aljihun rigarsa ya ajiye a tebur.

"Sa abin kunne. Kar ya fita."

"Auta?" Baba ya sake kira. "Na ji kamar ana musu."

"Ba komai, Baba, Yaya ne yake koya mini aikina!"

"Allah ya shirye ku," in ji shi, har da 'yar dariya.

Ta soka filash, ta sa abin kunne ɗaya, ta miƙa wa Dogo ɗayan. Ya girgiza kai, ya koma jikin taga ya ba ta baya.

Umma ta bayyana. Tana gyara mayafi, tana hararar kyamara.

"Kai Dogo, wannan abin naka har ramin hancina yake ɗauka? Ka bari in shafa hoda mana."

Auta ta toshe bakinta da hannu. Muryar nan, yadda take jan ƙarshen magana, kamar yanzu za ta turo ƙofa ta ce wa ya bar mata kofi a tebur.

Umma ta yi ta zolaya, ta kwaikwayi tafiyar Baba, ta yi dariya har ta kare baki. Sai ta ce, "To ya isa, kashe."

Hoton ya girgiza, ya karkace kaɗan, ya zauna. Dogo ya ajiye kyamarar a tebur yana zaton ya kashe.

Dariyar ta bar fuskar Umma gaba ɗaya.

"Zauna, magana za mu yi. Sakamakon ya fito. Sun ce abin nan na cikina sai an yi aiki, kuma wai da gaggawa."

Aka ji muryar Dogo daga gefe, "To gobe mu koma."

"Ba gobe ba. Ubanku ko ɗigon magani ba ya yarda kowa ya sa masa a ido sai ni. In na kwanta wa zai kula da shi? Bari idonsa ya warke tukuna, sai in je."

"Umma, sun ce da gaggawa."

"Likitoci komai gaggawa ne a wurinsu. Kuma ka ji ni da kyau, ko shi ko Auta, in wani ya ji a bakinka ban yafe ba."

Auta ta fizge abin kunnen.

Ɗakin ya yi mata ƙanƙanta. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Su abin da suka sani shi ne ciwo ya zo wa Umma farat ɗaya, aka kai ta, aka ce an makara. Baba har yau cewa yake, "Ko ciwon kai ba ta yi ba, Allah ya ɗauki abarsa." Da wannan maganar yake lallashin kansa.

"Ka sani," ta ce. "Duk watannin nan ka sani, kana kallonmu."

"Na sani."

"Ka bar ta ta zauna tana ɗiga wa mutum magani a ido, ita tana..."

"Na roƙe ta, Auta. Na yi kuka, na yi fushi, na kawo mota bakin ƙofa ta ƙi shiga. Kin san uwarki. Ke wa kika gado?"

Ta so ta kai masa duka, ta so ta rungume shi, ta rasa wanne za ta fara. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa bai sake ta ba. Mutum ya ɗauki wannan shi kaɗai, yana zuwa yana gaishe da Baba kullum da murmushi.

"Kuma idon ma bai warke ba," ta ce a hankali.

"Shi ya sa. Ki duba, yau za a shiga da shi aikin ɗayan. In ya ji saboda idonsa ta jinkirta, kina ganin zai hau gadon nan? Ko ya hau, da wace zuciyar?"

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ja kujera.

"Da ka gaya mini tun jiya da yanzu mun gama. Ba a cire fayil, yanka shi ake yi. Zo ka nuna mini daidai inda za a tsaya."

Ta mayar da bidiyon mazauninsa, jan nan ya ɓace, Umma ta dawo. Dogo ya sunkuyo yana nuni da yatsa.

"Nan. Bayan dariyar."

"Kafin ta ce kashe?"

"Kafin."

Ta datse. Ta sa hoton ya dushe a hankali zuwa baƙi, kamar dama can nan ya ƙare. Ta duba komai sau biyu: girman hoto ɗaya, saurin hoto ɗaya, murya irin wadda tsohon injin Baba ke karɓa.

Koren layin ya fara rarrafe.

Dogo ya leƙa agogo, ya leƙa taga, ya leƙa allo.

"Ba a sa shi sauri?"

"Je ka tura shi."

Ya wuce rabi. Ya kai wurin da yake ƙamewa. Auta ta riƙe numfashi.

Ya wuce.

"Alhamdulillahi," suka faɗa tare, ba wanda ya kalli wani.

Ta ɓare ledar faifan ƙarshe, ta riƙe shi ta gefe-gefe kamar ƙwai, ta hura masa iska, ta saka. Ta zaɓi gudu mafi ƙanƙanta.

"Mafi ƙanƙanta? Auta, lokaci!"

"Gaggawa ce ta kashe na biyu. Kuma ka ɗauke gwiwarka daga teburin nan, in ya girgiza ni da kai ne."

Ya ɗauke. Injin ya fara ƙugi. Suka tsaya a kansa cirko-cirko. Wayar Dogo ta yi ƙara, daga asibiti ne, ya ce suna hanya. A falo ana jin Baba yana buga sandarsa a ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Auta ta ciji farcenta har ya yi zafi. Ita dai ba ta taɓa sanin faifai na iya cin ran mutum haka ba.

Can ƙofar injin ta turo kanta waje.

Faifan da ɗumi ta kai falo.

"Kawo," in ji Baba. "Ni zan saka."

Ya lalubi maɓallin, ya ɗora faifan a mazauninsa, ya tura. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Allon ya tsaya baƙi. Dogo ya kama bayan kujera. Auta kuwa addu'ar da ta zo bakinta duk ta karanta, har da ta shiga kasuwa.

Hoto ya fito.

"Kai ni wurin sabon," Baba ya ce. "Inuwoyin nan na gan su."

Ta danna rimot. Ya ja kujerarsa har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin, ya karkata kai yana kallo da idon dama.

Umma ta cika bango.

"Kai Dogo, wannan abin naka har ramin hancina yake ɗauka?"

Baba ya yi wani sauti, ba dariya ba, ba kuka ba. Ya ɗaga hannu ya kai kusa da gilashin, bai taɓa ba.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Ga tabon nan na goshinta. Auta, Allah ya yi miki albarka."

Hawaye ya ɓalle wa Auta. Duk wahalar faifan nan ta ji ta wanke. Ta waiga ta kalli Dogo, shi ma yana share ido da bayan hannu, ya ɗaga mata kai alamar sun tsira.

A allo Umma na kwaikwayon tafiyar Baba, shi kuma yana nuna ta da yatsa yana cewa, "Ji ta, ji ta, ja'ira." Ta fashe da dariya, ta ɗaga hannu ta kare baki, hannun rigarta ya zame zuwa gwiwar hannu.

Baba ya danna maɓallin tsayarwa.

Hoton ya daskare, tar, ba ko ɗigon hazo.

A ƙaramin allon kwamfuta ba wanda ya lura. A nan kuwa hannun Umma ya kai faɗin faranti. Ga filasta da auduga a bayan hannun. Ga wani farin zobe na roba a wuyan hannun, da ɗan rubutu a jiki.

Baba ya matsa har numfashinsa na taɓa gilashin.

"Wancan da ke barci a doguwar kujera can baya, da bandeji a ido, ni ne ko?"

Bai jira amsa ba.

"Ni ne. Satin aikina na farko ke nan." Ya kai yatsa kan farin zoben. "Irin wannan aka ɗaura mini ranar da aka kwantar da ni. Ba a ba mai rakiya."

"Baba, lokaci yana..." Dogo ya fara.

"A satin nan kullum ce mini take ta je wurin tela."

Ya sake danna maɓallin. Umma ta ƙarasa dariyarta, ta buɗe baki za ta yi magana, hoton ya dushe zuwa baƙi.

Baba ya daɗe yana kallon baƙin allon.

"Uwarku ba ta taɓa buɗe baki ta fasa magana ba. Wa ya yanke?"

Auta ta kalli Dogo. Dogo ya kalli ƙasa.

Baba ya sunkuya a hankali, ya zare takalmin dama, ya zare na hagu, ya tura su ƙarƙashin kujera.

"Dogo, kira asibitin ka ce su ba wani gadon. Ba mai taɓa mini ido sai na ga sauran."